Taron da Ƙannena Suka Yi Mini a Bakin Teku

Tun ranar da ƙanena ya bugo waya daga Kaduna ya ce zai shigo Landan "kawai don a gaisa," na san Umma zai zo ɗauke mini. Ba ni da hujja a lokacin. Amma mutumin da bai zo bikin 'yata ba saboda wai aiki ya yi masa yawa, ba zai hau jirgi ya ƙetaro hamada da teku don ya ce mini ina kwana ba. Ban ma tashi daga kujerar da na amsa wayarsa ba sai ga kiran autarmu daga Glasgow, wai ita ma ta samu hutu, me zai hana mu haɗu mu uku a gidan Baba na bakin teku, mu tafi da Umma ta sha iska. Ta jero maganar ba gargada, kamar ɗalibar da ta kwana tana tilawa.

"Ke da wa kuka shirya wannan?" na tambaye ta.

"Haba Yaya, wane irin shiri kuma? Dacewa aka yi. Na ma riga na yi booking ɗin jirgin ƙasa."

"To Allah ya ƙara mana dacewa," na ce, na kashe wayata.

Mu uku ne a wurin iyayenmu. Ni ce babba, sai namijin, sai auta da aka haifa a nan Landan bayan kowa ya fid da rai. Baba ya daɗe da rasuwa. Umma ta ci gaba da zama ita kaɗai a flat ɗinta na unguwar Lewisham, tana cefanenta tana zuwa masallaci, har wata safiyar hunturu da ta zame a bakin ƙofa ƙashin ƙugunta ya karye. Daga asibiti gidana na Catford na wuce da ita, ban shawarci kowa ba, don ban ga abin shawara a ciki ba. Aikin nas nake yi tun ina budurwa. Na ɗaga tsofaffin mutane, na juya su, na wanke su, tsofaffin da ban san ko sunan garinsu ba. Sai na rage kwanakin aikina na mai da falon ƙasa ɗakinta. Ni nake ɗaga ta, ni nake yi mata wanka kowace safiya, in shafa mata man kaɗanya, in yanke mata farce. Da council, wato ƙaramar hukumarmu, suka ce za su riƙa turo mata mai kula da ita, na ce su riƙe abarsu. Ina raye, hannuna biyu lafiya lau, baƙuwa ta zo ta tuɓe mini uwa? Na faɗa wa matar da ta zo da maganar haka, ba ta sake dawowa ba.

Akwai abin da sai na bayyana, don 'ya'yana ma da aka haifa a nan sun sha tambayata. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni 'yar fari ce, ita kuma mutuniyar Zariya ce ta asali, irin waɗanda ke yi wa ɗan fari alkunya har kabari. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, sai da aka turo Baba aiki Landan aka haɗo da ni. Ga furfura a kaina, amma a bakin Umma ni ce "ke," ko "waccan," ko "yarinyar nan." Ba ta haɗa ido da ni, ba ta roƙona abu kai tsaye. In tana son gishiri sai ta dubi bango ta ce, "Miyar nan da za ta samu ɗan gishiri," ni kuma in tashi in ɗauko. 'Yata tana ƙarama ta taɓa ja na gefe ta tambaye ni da Turanci ko kakarta ba ta so na ne. Dariya na yi mata. Na san matar da ke hana kanta barci in ina zazzaɓi, ta zauna a ƙofar ɗaki ta juya mini baya tana jan carbi.

Saboda haka ban saba jin abin da ke ran Umma daga bakinta ba, karantawa nake yi. Kuma a 'yan watannin nan abin da nake karantawa bai yi mini daɗi ba. Waya take yi da auta kullum, murya ƙasa-ƙasa, ina turo ƙofa sai ta koma "to, to, a gai da yara." Ta ɗauki madambacinta, wanda ta zo da shi tun daga gida kuma ko aronsa ba ta bayarwa, ta kyautar wa maƙwabciyarmu 'yar Kumasi. Na tura ta a kekenta zuwa kasuwar Lewisham don in saya mata sabuwar rigar sanyi, ta shafa rigar ta ce wa mai shagon, ba ni ba, "A bar ta tukuna." Matar da tun watan tara take fara ƙorafin sanyi! Na ce a raina, lallai ana hure mata kunne. Kuma na san ta inda za su ɓullo: za a ce Umma ta rame, za a ce zaman kaɗaici ya yi mata yawa in na tafi aiki, za a ce Yaya ta gaji. Wannan kalmar ta "gaji" ita na fi tsana, don da ita ake ƙwace wa mutum abu ana yi masa sannu.

Gidan bakin tekun kuwa labarinsa daban. Baba ɗan Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi, kuma duk shekarun da ya yi yana aiki a wani ofis kusa da Charing Cross bai daina kewar ruwa ba. Ran Asabar sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi gaɓar Kent ya zauna yana kallon teku, har ya ƙare da sayen wani ɗan tsukukun gida a can. Abokansa suka yi ta tsokanarsa, suna ce masa Sarkin Ruwa, wai ina Bahaushe ina gidan shan iska a garin da iskar ke neman cire wa mutum kunne. Bakin tekun ma ba yashi ba ne, tsakuwa ce zalla mai cin tafin ƙafa. A can muke yin hutun bazara muna yara. Har yanzu da alamar alƙibla da Baba ya zana da fensir a bangon falo, da butarsa ta roba a banɗaki, da warin danshi da ba turaren da ya taɓa korarsa. Tun rasuwarsa ba mu sake kwana a ciki mu duka ba.

Ni na tuƙo Umma a motata. Muna isa na tarar su biyun sun riga mu da kwana guda, wai sun zo share gida. Auta da shara! Yarinyar da har ta yi aure ba ta san inda tsintsiya ke kwana a gidanmu ba. Na dubi tagogin, ƙura na nan yadda take. Kofuna biyu a kan tebur, kujeru biyu an jawo su kusa da juna. Na shiga sauke kaya.

Ƙanena ya durƙusa a gaban keken Umma, ta dafa kansa, fuskarta ta washe. Ta kira shi da sunansa, ta kira shi da sunan wasansa na yarinta, ta tambayi matarsa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ta ja kumatun auta ta ce ta yi ƙiba. Ina tsaye riƙe da jakar magunguna ina kallo. Na saba da wannan tun ina yarinya, amma ranar ya sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Kishi na ji, irin na yara, ni da nake da jika.

Sai aka zo buɗe tsaraba. Duk zuwan da ƙanena zai yi, jaka guda yake cikowa da kayan miyar Umma: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, abin da zai kai ta shekara. Wannan karon sai ya fito da wani ɗan ƙullin daddawa da bai fi dunƙulen hannu ba, da kuka a 'yar robar da ba ta kai gwangwanin madara ba. Kilishi ne kawai ya kawo da yawa, shi kuwa ba ya kwana a hannunmu.

"Wannan daddawar ta miya nawa ce?" na ce.

"Wallahi Yaya kaya ne suka yi nauyi, kin san halin 'yan filin jirgi."

"Na sani. Bara ba su da sikeli, bana suka saya."

Ya yi 'yar dariya ya sosa ƙeya. Umma ta dubi taga ta ce teku ya cika yau.

Daga nan na zuba musu ido, kuma ba su ba ni kunya ba. Ƙanena injiniya ne, bai san bambancin maganin hawan jini da na tari ba, amma sai ga shi yana jera kwalayen maganin Umma a kan tebur yana ɗaukarsu hoto. Na tambaye shi dalili, ya ce sha'awa. Can na leƙo daga kicin na gan shi tsugune yana auna faɗin kekenta da tafin hannu. Ya tambaye ni, kamar abin bai dame shi ba, wai Umma tana iya zama a kujera na tsawon wane lokaci ba ta gaji ba. Na ce, "Daga nan zuwa ina?" Ya ce a'a, tambaya ce kawai. Da la'asar suka ce za su je sayo burodi, na hango su ta taga zaune a kan katangar bakin ruwa, kai a haɗe, auta tana ta yarfa hannu. Na yafa mayafi na bi su. Suna ganina ƙanena ya nuna sama ya ce yana jin za a yi ruwa. Burodin ma ba su sayo ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne wayar da na ji yana yi da matarsa a bayan gida, wajen igiyar shanya. Iska tana kwashe rabin maganar, amma na ji "ɗakin ƙasa," na ji "mai tayil ya gama?", na ji "a sa ƙarfen a gefen dama, inda za ta kama." Na tsaya riƙe da kwandon wanki. Wato har banɗaki an gina mata a Kaduna, ni ina nan ina yanka mata farce ban sani ba.

Washegari da safe na haɗa ruwan wanka kamar kullum. Na ɗauko tawul da soso, sai ga auta a ƙofar ɗakin Umma.

"Yaya, kawo in yi mata yau, ki huta."

"In huta? Wa ya ce miki na gaji?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Kin san ta gefen da ake ɗaga ta? Ki sake ta ta faɗi a gidan da babu asibiti kusa? Matsa mini."

Daga cikin ɗaki Umma ta ce wa bango, "Da an bar ta ta gwada."

Na ɗauka so take ta faranta wa autarta, irin yadda ake barin yaro ya riƙe muciya. Na ce wata rana, na tura keken na rufe ƙofa. Na yi mata wankan yadda na saba, cikin sauri da tsabta. Ta rufe ido ta juya fuska gefe, ba ta ce uffan ba har na naɗe ta a tawul. Haka take yi kullum tun ranar farko, kuma ban taɓa kawo komai a raina ba. Marasa lafiya da yawa haka suke yi.

Da rana na tuƙa tuwon shinkafa na kaɗa miyar kuka da 'yar daddawar nan tasa. Na bari kowa ya wanke hannu, aka yi bismillah, ƙanena ya kai loma ta farko baki. Sannan na ce, "Wace rana ce jirgin?"

Ya ƙware. Auta ta ajiye cokali.

"Wane jirgi, Yaya?"

"Kada ka mai da ni sakarya, na girme ka. Jirgin da za ka saka uwata a ciki. Ka kai ta banɗakin da aka yi wa tayil, aka sa wa ƙarfe a gefen dama."

"Yaya, don Allah ki yi haƙuri, dama so muke mu zauna da ke a natse…"

"Ku zauna da ni? Ai kun gama zamanku a kan katanga. Saura a karanta mini hukunci."

Daga nan ban san iya abin da na faɗa ba, amma na faɗi da yawa. Na tambaye shi inda yake ranar da aka fito da Umma daga ɗakin tiyata tana kiran sunan Baba. Na tambayi auta sau nawa ta tako daga Glasgow ban da hoton furanni da take turowa a waya. Na ce su duba jikin Umma kaf, in sun sami gyambon kwanciya ko guda ɗaya su ɗauke ta yau ɗin nan. Na ce in matarsa ce ke neman suna a dangi, ta nemi wata hanyar. Wannan ta ƙarshen ban kyauta ba, baiwar Allah ba ta taɓa yi mini komai ba, amma a lokacin kowa ɓarawo ne a idona. Ƙanena ya sunkuyar da kai yana ta "Allah ya ba ki haƙuri." Auta kuwa ta fashe da kuka, ta fara magana rabi Hausa rabi Turanci yadda take yi in ta rikice.

"It's not us, Yaya! Wallahi ba mu ba ne. Mun yi trying mu hana ta. Ita ce ta roƙe mu."

"Ƙarya kike yi."

"Ga ta nan ai. Ask her."

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na juya na dubi Umma ido cikin ido na ce, "Umma, ke kika ce a ɗauke ki daga gidana?"

Ba ta dube ni ba. Ta janye hannunta daga kwanon ta goge da tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ta juya wajen auta, kamar ba na ɗakin.

"Auta, ki gaya wa yayarki ba ta rage ni da komai ba. Ci da sha da magani, ko uwata ba ta yi mini abin da ta yi mini ba. Ki gaya mata."

Auta ta buɗe baki za ta maimaita, na ɗaga mata hannu.

"Ki gaya mata," Umma ta ci gaba, "ranar da na haife ta, ko kallonta ban yi ba a gaban mutane. Nono ma sai ɗaki ya watse nake ba ta. Ɗankwalina bai taɓa zamewa a gabanta ba. Haka aka yi mini, haka na yi, kuma ban iya wani abu ba bayan wannan." Ta gyara ɗankwalinta. "Yau ita ce take tuɓe ni. Babu inda ba ta gani ba. Kullum da safe in na ji ta buɗe famfo, sai in roƙi Allah ya karɓi raina kafin ta turo ƙofa. Ga shi bai karɓa ba."

Ƙanena ya tashi ya tsaya a bakin taga ya ba mu baya.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" na ce.

Auta, don ruɗewa, ta juya ta ce, "Umma, wai me ya sa ba ki…"

"Na ji ta. Ki ce mata da wane bakin?"

Na ce shi ke nan, abu mai sauƙi ne. Muna komawa zan kira council, su turo mace, Musulma ma in ana so, ni ko ƙofar banɗakin ba zan sake bi ba. Na faɗa da sauri-sauri, kamar mai ciniki da ya ga mai saye zai wuce.

Umma ta girgiza kai. "Ki ce mata Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata. Amma ko wata ta wanke ni, ita ce dai za ta kawo mini shayi, in ɗaga kai in gan ta, in tuna. Ni gida nake so. Ƙanwata, Innarku ƙarama, tana nan da ƙarfinta, tare aka yi mana wanka a kwatarniya ɗaya, ta ce za ta dawo Kaduna ta zauna da ni. Amma ki gaya mata in ba ta yarda ba, babu inda za ni. Kuma ba za ta sake jin maganar nan a bakina ba."

Na tashi na fita ko takalmin kirki ban sa ba. Na yi ta tafiya a kan tsakuwar nan, iska tana fizgar mayafina, ina magana ni kaɗai kamar sabon kamu. Haushi nake ji, ba tausayi ba. Haushin Umma, haushin kakata da ta koya mata, haushin Zariya gaba ɗayanta. Wace irin kunya ce za ta sa mutum ya bar likitocin da suka san ciwonsa, ya bar 'yar da ta ajiye rabin aikinta dominsa? Na kori baƙuwa don in rufa mata asiri, ashe a wurinta baƙuwar ce rufin asirin. Kuma duk da na ji daga bakinta, zuciyata ba ta daina zargi ba. Da ƙanena ya biyo ni yana haki, abin da na fara ce masa shi ne, "Kai ka kitsa mata wannan."

"Yaya, tun azumin bara take kirana tana kuka. Na ce mata asibitin Landan ya fi, na ce ta yi haƙuri. Auta ta ce ta koma wurinta, Umma ta ce hawa na uku ba lif, kuma sanyin Glasgow zai kashe ta. Sau nawa na ɗauki waya in gaya miki in kasa."

"Amma ka iya kiran mai tayil."

"Na iya," ya ce. "Shi ba ya yi mini tsawa."

Na harare shi. Na ce ban yarda ba, kuma kada wanda ya sake tayar mini da zancen. Ya ce to. Muka dawo gida. Ranar kowa ya yi ta kaffa-kaffa da ni, auta har wanke-wanke ta yi. Umma ta koma yadda take, ta ce wa bango ƙafarta tana tsami, na durƙusa na matsa mata. Ina matsawa ina satar kallon fuskarta, ina neman alamar da zan kama in ce sa ta aka yi. Idonta yana kan carbinta.

Gari ya waye, jikina ya tashe ni kafin tunanina. Na shiga banɗaki na tara ruwa, na surka shi, na gwada da gwiwar hannu yadda aka koya mana, ɗumi-ɗumi, wanda ba zai ƙona fatar tsoho ba. Sai da na rufe famfon na tuna cewa tana jin ƙararsa daga ɗakinta. Na fito da tawul a kafaɗa, auta tana tsaye a ƙofa. Wannan karon hannu kawai ta miƙo. Na daɗe ina kallon hannun. Sannan na ɗora mata tawul ɗin na ce, "Ta dama ake ɗaga ta. Ki sa ƙafarki a gaban tata."

Na zauna a kan matakala ta biyu, inda zan ji in an faɗi. Jira nake a kira ni. Na tabbata ba za a yi nisa ba auta za ta ƙwala mini kira, in shiga in nuna musu abin da suke shirin rabuwa da shi.

Sai na ji muryar Umma, da ƙarfi, irin muryar da na manta tana da ita.

"Kai! Auta, wannan ruwan sanyin fa? Jaririya kika samu? Ƙaro na zafi!"

"Umma, Yaya ce ta haɗa…"

"Na sani. Ƙaro dai. Ƙara. Yauwa, yanzu na ji ruwa."

Tururi ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ina zaune ina jin ta tana ba da umarni kamar mai gidan biki. A cuɗa mata nan, a'a, sama kaɗan, tsakanin kafaɗu, wurin ya daɗe yana yi mata ƙaiƙayi. A bar sabulun asibitin nan mara ƙamshi, a duba jakarta akwai sabulun salo. Ta ce hannun auta kamar na mai jin yunwa. Auta ta ce wani abu ban ji ba, sai Umma ta ƙyalƙyale da dariya har da tari. Hunturu biyu ina zuba wa matar nan ruwan da take jin sanyinsa, a garin da ƙanƙara ke kwana a kan mota, ba ta taɓa ce mini ƙaro ba.

Har yau ban ce na yi laifi ba, kuma duk wanda ya ce na yi sai mun yi da shi. Amma a kan matakalar nan na sa fuskata cikin mayafi na yi kukan da ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu, ina toshe baki don kada in katse mata dariyarta.

Da na gama na wanke fuska a kicin. Ƙanena yana tsaye yana jiran butar shayi ta tafasa, ya ga idona ya kawar da kai.

"Ƙarfen nan," na ce, "ka ce a sa a gefen dama?"

"E, Yaya."

"Kira matarka ta sa a mai da shi hagu. Da hagu take kamawa in za ta tashi. Kuma ka gaya wa Inna ƙarama ta riƙa haɗa mata ruwan wanka mai zafi sosai."

Ya ajiye kofin da ke hannunsa ya shiga laluben wayarsa a aljihu.